Sifesa mai takunkumi: shekara biyu da ita a kan asmar autana

Ranar da likita ta rubuta mana sifesa, sai da na sake tambaya ko kunnena ne bai ji daidai ba. Gwangwanin roba ne kawai, ana hango cikinsa tar, tsawonsa bai wuce taƙi ɗaya ba. Ta baya akwai rami inda ake cusa bakin inhela, wato abin fesa maganin asma a baki, ta gaba kuma takunkumi mai laushi da ke rufe hanci da bakin yaro, a tsakani ɗan bawul da ke buɗewa in ya ja numfashi, ya rufe in ya fitar. Ba waya, ba batir, ba makunni. Ni kuwa a lokacin ina da nebulaiza a gida, na'urar shaƙar magani mai ruri da tururi, kuma a zuciyata ita ce magani na gaske, saura duk wasan yara. Baban yara ya jujjuya abin a hannunsa ya ce, "Wannan ai ko ni sai in huda gorar ruwa in yi." Na harare shi. Ashe maganarsa tana da ƙamshin gaskiya, amma sai na zo wurin.

Autana yana da shekara huɗu a lokacin, yanzu ya cika shida. Sifesa biyu muka kashe a tsakanin nan, duka iri ɗaya, saboda haka ina ganin na isa in faɗi daɗinta da rashin daɗinta. Sunan kamfanin ba shi ne abin dubawa ba, masu bawul da takunkumi tsarinsu kusan ɗaya ne. Sai dai dole in fara da abin da ke kayar da yaron, don a kan wannan ma'aunin na ɗora ta.

Wata nas ce ta ba ni shawarar in riƙa rubuta duk ranar da asmar ta tashi, da abin da ya faru kafin ta tashi. Da na waiwayi shekarar farko, sau bakwai ta tashi sosai, kuma shida daga ciki labarinsu ɗaya. Yayarsa za ta dawo daga makaranta tana jan majina. Bayan kwana biyu shi ma ya fara atishawa, hanci na yoyo, jiki da ɗan ɗumi. Da rana lafiya lau, yana ta wasansa. Dare na biyu ko na uku sai tari ya sauka ƙirji, busasshen tarin nan mai tashin mutum wajen ƙarfe biyu ko uku na dare, daga nan sai fito. Duk uwar da ta taɓa kara kunne a bayan ɗanta ta ji siririn fiton nan, ba ta ƙara mantawa da shi. Ita kuwa yayar da ta kwaso murar, kwana biyar ta warware, ko kwanciya ba ta yi ba. Mura ɗaya, ɗaki ɗaya, wannan na tsalle wancan na kokawa da numfashi.

Na kai wa likita littafin ina jin kaina kamar na gano wani sabon abu. Ta bubbuɗe shi ta yi murmushi ta ce, "Maman yaro, abin da kika rubuta an riga ki rubutawa a Ingila tun 1995." Masu bincike ne a garin Southampton suka bi yara 108 'yan shekara 9 zuwa 11 sama da shekara guda, duk lokacin da ƙirjin ɗaya ya motsa sai su ɗebi majinar hancinsa su auna. A cikin kowane tashi 100, sun sami bairos a 80 zuwa 85, kuma mafi yawansu rainobairos ne, wato dai ƙwayar murar nan da kowa ya raina. Na dawo gida na yi ta karance-karance a kai, don ni mace ce da ba ta iya ba ɗanta abu ba tare da ta san dalili ba.

Duk wanda ya ji yaron na yawan kwanciya sai ya ce garkuwar jikinsa ce ba ta da ƙarfi. Ni ma na yarda da haka, har na tara kwalaben ruwan magani da aka ce suna ƙara garkuwa, ban ga abin da suka tsinana ba. Yadda na fahimta daga baya, garkuwar tana nan, wurin sa ƙarfinta ne ba ta sani ba. A bakin ƙofa ta yi sanyi, in ɓarawo ya shigo kuma ta hau farfasa kayan ɗaki. Idan rainobairos ya kama ƙwayoyin da suka shimfiɗe cikin hanci da hanyoyin iska, sukan saki wani sinadari mai suna intaferon, wanda ke yi wa maƙwabtansu kururuwa su kulle ƙofa. A 2005, a can Southampton ɗin dai, aka ɗebo irin waɗannan ƙwayoyi daga huhun masu asma da na masu lafiya, aka sa musu bairos ɗin a ɗakin gwaji. Na masu asma ba su saki intaferon yadda ya kamata ba, sai bairos ya samu sarari ya hayayyafa fiye da yadda ya yi a na masu lafiya. Ba a jikin kowane mai asma ake samun haka ba, amma ya warware min abin da ya daɗe yana ɗaure min kai, yadda mura ke tsayawa a hancin yayar ta gangara ƙirjin ƙanen.

In ta gangara kuma, sai ɗaya ɓangaren garkuwar ya farka, wanda asalin aikinsa yaƙi da tsutsar ciki ne, kuma shi ne ke haddasa alaji, wato jiki ya tayar da rigima kan abin da ba ya cutar da sauran mutane. Cikin hanyoyin iska ya kumbura, majina mai kauri ta taru, naman da ya zagaye bututun ya matse. Bututun yaro dama sirara ne, kumburi kaɗan ya isa ya mai da numfashi aikin ƙarfi. Fiton da nake ji iska ce ke neman hanya ta matsattsen wuri.

An yi wa autana gwajin fata, aka ga jikinsa ba ya shiri da ƙananan ƙwarin ƙura da ido ba ya gani, masu zama a katifa da matashin kai. Da na ɗauka alaji daban, mura daban. Ashe fetur da ashana ne. A birnin Manchester na Ingila an duba yaran da asma ta kai gadon asibiti, aka fitar da sakamakon a 2006: yaron da ke da alaji, yana kuma kwana yana tashi da abin da jikinsa ba ya so, sannan bairos ya kama shi, haɗarin a kwantar da shi yana ninkawa kusan sau 20. Sinadarin alajin, wanda likitoci ke kira IgE, shi kansa yana danne intaferon. Abin da ya fi gamsar da ni a nan wani gwaji ne da aka yi a Amurka, aka bayyana shi a 2011, kan yara da matasa 419. An riƙa yi wa wasunsu allurar omalizumab mai ɗaure IgE, sai hauhawar da asma ta saba yi a lokutan mura ta kusa ɓacewa a cikinsu. Ba maganin bairos aka ba su ba, alajin aka ɗaure, murar ta rage kaifi.

To ina sifesa ta shigo? Inhela biyu aka ba mu. Akwai shuɗiya, salbutamol, mai sassauta naman da ya matse cikin 'yan mintuna, ta riƙe kamar awa huɗu ta saki. Akwai kuma mai ruwan ƙasa, sitiroyid na shaƙa, wadda ba a ganin aikinta yau ko gobe, a hankali take kwantar da kumburin cikin makonni. Launin yakan bambanta daga kamfani zuwa kamfani, sunan maganin ne abin dubawa. Watanni na yi ina fesa masa mai ruwan ƙasa kai tsaye a baki, safe da dare, ina ganin na sauke nauyi. Feshin kuwa da gudu yake fitowa, ɗan shekara huɗu ba zai iya haɗa jan numfashi da danna gwangwani a lokaci guda ba, manya ma da yawa ba sa iyawa. Mafi yawan maganin a harshe da maƙogwaro yake tsayawa, ya haɗiye shi da yawu. Shaidata ita ce wani farin abu da ya feso masa a harshe da muryarsa da ta dishe, ƙirjin kuwa yana nan yadda yake. Abin dariya, ita inhelar an ƙirƙiro ta ne a Amurka a 1956 bayan wata yarinya mai asma 'yar shekara 13 ta tambayi mahaifinta me ya hana a sa maganinta a gwangwani irin na feshin gashi. Saboda yarinya aka yi ta, ga shi ƙananan yara ne suka fi kasa sarrafa ta.

Aikin sifesa kenan. Feshin ya shiga gwangwanin, gudunsa ya mutu, manyan ɗigon da dama a baki za su tsaya su manne a jikin roba, ƙananan su yi ta shawagi, yaro ya ja su ƙasa da numfashinsa na yau da kullum. Mako biyu da farawa farin harshen ya tafi, murya ta dawo. A nan ne na fi yaba mata, kuma a nan ne mutane suka fi raina ta. Kowa yana ɗaukar ta kayan gaggawa ce, a ciro ta in yaro ya fara haki. A wurina babban amfaninta yana cikin ranakun da ba abin da ke damunsa, minti biyu da safe minti biyu da dare, maganin kariya na isa inda aka aike shi. Ba a fafe gora ranar tafiya. In murar ta zo, ta tarar da hanyoyin iska a kwance ne, ba a kumbure suna jiran ƙiris ba. A shekara ta biyu littafina ya nuna mura takwas, biyu kacal suka zama tashin asma na sosai. Ba zan ɗora mata yabon duka ba, yaron ya ƙara girma, mun kuma sa wa katifarsa da matashinsa rigar hana ƙura. Amma maganin bai canza ba, adadinsa ma bai canza ba, hanyar shigarsa ce ta canza.

Akwai wata dabara da na ƙirƙiro wa kaina, likita ta rusa min ita. Da na ji ya yi atishawa sai in ninka masa mai ruwan ƙasa, wai in tari murar a hanya. Ta ce in daina. An gwada haka a Amurka kan yara 'yan shekara 5 zuwa 11, aka riƙa ninka musu maganin har sau biyar da zarar alamun sun fara, sakamakon da ya fito a 2018 bai nuna raguwar tashin asmar ba. Na ji haushi ranar, don dabarar tana sa in ji kamar ina yin wani abu.

Makon farko da takunkumin yaƙi ne. Da ya hango shi sai ya ruga bayan kujera. Na taɓa danne shi yana kuka na fesa, nas ɗin ta ce wannan feshin asara ne, yaro mai kuka jan numfashinsa gajere ne, fitarwar ce doguwa, maganin bai shiga ba. Abin da ya yi mana aiki shi ne na bar masa sifesar ba inhela a jiki, ya yi kwana biyu yana ɗora wa 'yar tsanar yayarsa yana ƙirga mata numfashi. Daga nan sai in zaunar da shi a cinyata, bayansa a ƙirjina, in girgiza inhela, in cusa, in manna takunkumin sosai kada iska ta samu kafa, in danna sau ɗaya, mu ƙirga numfashi shida. In akwai feshi na biyu sai in jira kamar rabin minti, in sake girgizawa. Ba a tara feshi biyu a ciki lokaci guda, ɗigon haɗewa suke su faɗi a jikin roba. Bayan mai ruwan ƙasa ya kuskure baki, in goge masa fuska inda takunkumin ya zauna.

Abin da na fi so a jikinta shi ne ɗan fallen roba da ke saman bawul, wanda ke motsi duk lokacin da iska ta wuce. Ƙaramin abu ne, amma da ƙarfe uku na dare, ido na barci hannu na rawa, shi ne ke gaya min ko takunkumin ya zauna daidai. In bai motsa ba, iska na shiga ta gefe. Duk mai saye ya tabbatar tasa tana da irin wannan alama.

Nebulaizata tana cikin kabad yanzu, ta fi shekara ban kunna ta ba. Tana cin minti goma zuwa sha biyar, sai da wutar lantarki, ƙararta na firgita yaro, ga tarkacen da za a wanke bayan kowane amfani. Da sifesa feshi shida ba sa kai minti biyar. Wani nazari na Cochrane, ƙungiyar da ke tace binciken likitanci, a 2013, wanda ya tattaro gwaje-gwajen da aka kwatanta su biyun a sashen gaggawa, ya nuna yaran da aka ba salbutamol ta sifesa sun bar sashen da wuri da kimanin rabin awa, bugun zuciyarsu bai hau kamar na 'yan nebulaiza ba, kuma ba a fi kwantar da su ba. Laifin nebulaiza a gida da ya fi damuna ma ba wannan ba ne. Tururin da ƙarar suna sa uwa ta ji kamar asibiti ya zo ɗakinta, alhali iskar ɗaki kawai take hurawa, ba oksijin ba, sai a yi ta zama lokacin da ya kamata a ce an kama hanya.

Maganar Baban yara kuwa, a 1999 likitar yara Heather Zar da abokan aikinta a birnin Cape Town na Afirka ta Kudu sun gwada gorar roba mai cin rabin lita, an huda gindinta daidai bakin inhela, a kan yara masu tashin asma. Ta yi aiki daidai da sifesar kamfani. Kofin roba mai kumfa shi ne ya zo na baya. Da na karanta masa sai ya ce, "Ai na gaya miki, ke ce ba kya jin magana." Mun taɓa yin gorar sau ɗaya da muka yi tafiya na manta tamu, ta kuma fisshe mu. Duk da haka ga ƙaramin yaro da bai iya kama bakin gora da leɓe ba, takunkumi da bawul sun cancanci a saye su.

Yanzu ga inda ta gaza. Gefen takunkumin ta farko ya fara taurarewa wajen wata na takwas, ya daina kwanciya a karan hanci, feshi na tsirtowa sama wajen ido. Kuma ba a sayar da takunkumin shi kaɗai, dole a sayi sabuwa gaba ɗaya alhali gwangwanin lafiyarsa ƙalau. Bawul ɗin yana mannewa a daidai lokacin da aka fi buƙatarsa, wato lokacin mura, in majina da tururin baki suka taru a kai. Sau biyu ina cire takunkumi da tsakar dare ina ɗaga bawul da farce. Zoben roba na baya ya saki har inhela ta fara zamewa, sai na riƙe da yatsa. Ba ta da murfi ko jaka, in aka jefa ta cikin jakar makaranta sai ta fito da ƙura da ɓawon fensir a cikin takunkumin da za a ɗora wa mai asma a fuska. Ni na ɗinka mata jaka da kaina.

Takardar bayanin da ta zo da ita ma abin takaici ce, rubutu ƙanana kamar ƙafar tururuwa, kuma maganar da ta fi muhimmanci an cusa ta can ƙasa. Roba tana tara irin lantarkin nan da ke sa biro ya ɗauki takarda in an goga shi a gashi, kuma yana jan maganin ya manne a bango. Ni kuwa da tsabtata, kullum na wanke sai in goge cikin da tawul tas, ashe ƙara lantarkin nake yi. Daidai shi ne a jiƙa ta a ruwan ɗumi da ɗan sabulun wanke kwanuka, a bar ta ta tsane ta bushe da kanta, kada tsumma ya taɓa cikin. Kuma kowane yaro da tasa. Rainobairos yana yin awoyi da rai a hannu da jikin kaya, takunkumin da ya sha majinar wani ba abin aro ba ne.

Wani abu kuma da ba laifinta ba ne amma tana ɓoye shi: in inhela ta ƙare ba ta daina feshi, iskar da ke tura maganin ce ke ci gaba da fita. Da kai tsaye ake fesawa wataƙila yaro ya ce ɗanɗanon ya canza, ta cikin sifesa kuwa ba mai ganewa. Shuɗiyarmu feshi 200 ce kuma ba ta da lambar ƙirge, sai na koma yin zane a littafi duk feshi.

Yayata, Allah Ya saka mata, duk lokacin da ta ji yana tari a waya sai ta ce, "Ke dai ki ba shi antibayotik ki huta, ba kin ce majinar ta yi kore ba?" A shekarar farko, kafin sifesa, sau huɗu ya sha. An bar jaki ana dukan taiki. Antibayotik bakteriya yake kashewa, ba ruwansa da bairos, kuma koren majina launin ƙwayoyin garkuwar jiki ne da suka taru, ba hujjar bakteriya ba ce. Akwai lokacin da ake buƙatarsa, kamar in ciwon huhu ya shiga, da zazzaɓi mai zafi da ya ƙi sauka, amma wannan likita ne zai saurari ƙirji ya yanke. A shekara biyun nan sau ɗaya aka rubuta masa, shi ma saboda ciwon kunne.

Kada wani ya karanta wannan ya ɗauka sifesa ta maye gurbin asibiti. Ɗaya daga cikin tashi biyun nan ya kai mu gado. Likita ta rubuta mana takarda mai matakai, wadda na manna a jikin kabad, kuma mataki na ƙarshe shi ne feshi goma na shuɗiya, ɗaya bayan ɗaya, a kama hanya. Daren nan na yi goman, ya ɗan samu sauƙi, kafin awa biyu ya koma. Fatar tsakanin haƙarƙarinsa na lotsawa ciki, ramin wuyansa ma haka. Na ce, "Auta, gaya min sunan malamarku," ya ce "Mama" ya tsaya ya ja iska, ya kasa ƙarasawa. A mota na ci gaba da fesa masa, abin da nebulaizata ba za ta iya ba. Da aka maƙala masa na'urar yatsa oksijin ɗinsa 90 ya nuna, ƙasa da 92 da suke so su gani. Aka sa masa oksijin, aka ba shi sitiroyid na sha na kwana uku, muka kwana biyu. Washegari da nas ta zo ba shi magani, sifesarmu ta ce in miƙo mata.

Wannan tashin ya faɗo ne a mako na uku da komawa makaranta, na farkon ma haka. A Kanada an lura da wannan tun tuni: kowace shekara kwantar da yara 'yan makaranta saboda asma yana kai ƙololuwa kimanin kwana 17 bayan an dawo daga dogon hutu a watan Satumba. Yara sun haɗu sun yi musayar mura, da yawa kuma an yi sakaci da maganin kariyarsu lokacin hutu saboda ana ganin sun warke. A 2020 da aka rufe makarantu, zuwan yara masu asma sashen gaggawa ya faɗi warwas a ƙasashe da dama. Ni ma na taɓa faɗawa tarkon hutun nan. Yanzu ko yana ta guje-guje ba tari ko ɗaya, ba na tsallake safe da dare, kuma kafin a koma makaranta nakan duba takunkumi da bawul, in ƙirga sauran feshi. Allurar rigakafin mura mai tsanani, wato infuluwenza, yana karɓa kowace shekara. Ta rainobairos babu, don ire-irensa sun haura 160, sai dai wanke hannu in sun dawo, wanda yayar ke yi tana ƙunƙuni.

Duk wanda yake da yaro ƙasa da shekara biyar da aka rubuta wa inhela, ya saye ta rana ɗaya da inhelar, ya kuma sa a gwada girman takunkumin a fuskar yaron kafin ya biya, don suna zuwa girma-girma. In da hali a samu biyu, ɗaya ta zauna a makaranta. A sa rai da canza ta cikin shekara, tawa ta farko ba ta ma kai ba.

Watan jiya likita ta sa shi ya kama bakin sifesa da leɓensa ya ja, ta ga fallen yana motsi yadda ya kamata, ta ce takunkumi ya ishe shi haka, don ta baki magani ya fi isa huhu, hanci yana tare wani kaso. Ta ukun da na sayo ba ta da takunkumi, ta fi ƙanƙanta, ta shige aljihun gefen jakarsa. Shi yake girgizawa, shi yake ƙirgawa da yatsu, nawa dannawa ce kawai, ita ma ya fara ce min, "Mama, bari in yi da kaina." Tsohuwar ya hana a jefar. Na wanke ta na cire bawul ɗin, yanzu ta cikinta yake leƙen yayarsa in tana aikin gida, ita kuma tana jan majina tun shekaranjiya.